Arduino: Ɗan Allon Da Ke Sa Ƙarfe Ya Ji Magana

A arewacin ƙasar Italiya akwai wani gari da ake kira Ivrea, mahaifar kamfanin Olivetti mai ƙera tafireta, wadda tsofaffin akawuna suka san ta sarai. A wannan gari ne, cikin shekarar 2005, waɗansu malaman wata makarantar koyon ƙira, cikinsu har da Massimo Banzi da David Cuartielles, suka fito da wani ɗan allon lantarki domin ɗalibansu. Su ɗaliban ba injiniyoyi ba ne, allunan da ke kasuwa a lokacin kuwa ga tsada ga wuyar sha'ani. Malaman sun ɗora aikinsu ne bisa na wani ɗalibin makarantar, Hernando Barragán, mutumin Kolombiya. Sunan da suka raɗa wa allon, watau Arduino, sun aro shi ne daga wata mashaya da sukan haɗu a cikinta, ita kuma ta ci sunan wani sarki da aka naɗa a shekarar 1002.

Samfurin da ya fi shahara shi ne Uno, wanda ya fito a 2010. Tsawonsa bai cika santimita 7 ba, faɗinsa kuwa santimita 5 da 'yan kai. A kansa akwai wata baƙar ƙwaƙwalwa mai suna ATmega328P, mai bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa. Mutum zai rubuta umarninsa a kwamfuta, ya tura shi cikin allon ta wayar USB, sa'an nan ya zare wayar ya haɗa batir. Daga nan allon zai yi ta maimaita umarnin dare da rana. Ko an ɗauke wuta ba ya mantawa, da ta dawo sai ya sake farawa.

To, kada mai karatu ya zaci wata gagarumar kwamfuta ce. Ma'ajiyar umarninsa kilobayit 32 ce, wurin da yake lissafi kuwa kilobayit 2 kacal, watau abin da zai ɗauki haruffa 2,048. Wannan maƙala da kake karantawa ma ba za ta shiga ciki ba. Ba ya nuna hoto, ba ya shiga intanet sai an goya masa wani allon. Amfaninsa yana ga ramukan da aka jera a gefensa, inda ake soka waya.

Ramukan iri biyu ne. Guda 14 abu biyu kaɗai suka sani, akwai wuta ko babu, kuma da su ake kunna fitila ko a gane an danna maɓalli. Shida daga cikinsu suna da wata dabara: sukan kunna wuta su kashe sau ɗaruruwa a daƙiƙa, har ido ya ga kamar fitilar ta dushe ne, ko ƙaramin inji ya rage gudu. Sauran ramuka 6 na ɗaya gefen su ne kunnuwan allon. Suna auna ƙarfin wuta daga sifiri zuwa bolt 5, su kasa shi mataki 1,024. Duk abin da za a iya mayar da shi ƙarfin wuta, kamar zafi ko haske ko laimar ƙasa, to allon zai iya sanin adadinsa.

Mu ɗauki misalin akwatin ƙyanƙyasar ƙwai. Ƙwan kaza yana bukatar zafi kimanin digiri 37 da rabi har kwana 21. Sai a haɗa ma'aunin zafi da allon, a umarce shi cewa in zafi ya sauka ya kunna ƙwan fitilar da ke ɗumama akwatin, in ya hau ya kashe. Ana iya ƙara masa ɗan injin da zai riƙa juya ƙwan a kan kari. Umarnin duka bai fi a rubuta shi a shafi guda ba.

Amma fa a nan ne sababbin shiga sukan yi ɓarna. Kowane rami an yi shi ne ya ba da miliamfa 20, abin da zai kunna ɗan ƙwan fitila mai kamar ƙwayar masara. Wanda ya ɗaura masa famfon ruwa ko fanka kai tsaye, ƙwaƙwalwar zai ƙona. Tilas a sa makunni mai aiki da maganaɗisu a tsakani, allon ya ba shi umarni, shi kuma ya ɗauki nauyin. In kuwa aikin ya taɓa wutar gida mai bolt 230, ya kamata yaro ya nemi mai gyaran wuta ya tsaya a kansa, gama wannan wuta kisa take yi.

A ganina, babban abin da mutanen Ivrea suka yi shi ne da suka ƙi ɓoye zanen allon. Sun bayyana shi ga kowa, aka kuma yarda kowa ya ƙera irinsa ya sayar, in dai bai maƙala masa sunan Arduino ba. Saboda haka masana'antun ƙasar Sin suka cika kasuwa da kwafinsa a farashi mai rahusa, ya kai hannun ɗaliban da asalin ya fi ƙarfin aljihunsu. Waɗansu kwafin suna da kyau, waɗansu kuwa sai an sha fama kafin kwamfuta ta gane su.

A shekarar 2023 aka fitar da Uno R4, mai bugawa sau miliyan 48 a daƙiƙa, kuma ɗaya daga samfuransa biyu yana shiga intanet ba tare da waya ba. Duk da haka an bar girmansa da jerin ramukansa yadda suke, domin yawancin allunan da ake goya wa tsohon su zauna daidai a kan sabon.