Ranar Kaffara ta Yahudawa da Haƙƙin Bayin Allah

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, azumi ba a kan al'ummarmu aka fara shi ba. Yahudawa suna da ranar da suka fi girmamawa a shekara, sunanta Yom Kifur, wato Ranar Kaffara. Ita ce 10 ga watansu na Tishri, takan faɗo a Satumba ko Oktoba. Suna kame baki kimanin awa 25, tun gab da faɗuwar rana har duhun daren kashegari: ba ci, ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata, ba kusantar iyali. Su yini suna neman gafara, su karanta ƙissar Annabi Yunusa, su rufe da busa ƙahon rago.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin Ashura don godiya bisa kuɓutar Annabi Musa, sai ya azumce ta. Wasu masana tarihi suna ganin ranakun biyu suna da dangantaka, tunda kowace ta goma ce ga wata.

Abin lura shi ne, malamansu suna karantar da cewa wannan rana tana kankare laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma ba ta ɗauke haƙƙin mutum sai an nemi yafewarsa. Mu ma haka shari'armu ta tabbatar. Sharuɗɗan tuba su ne nadama, da barin saɓon, da ƙudurin ba za a koma ba. In akwai haƙƙin wani, sai an mayar masa, ko ya yafe.

To, mai awon aya a Agye da ke tauye tiya, da manomin Gazawa da ya ci iyakar gonar maƙwabcinsa, da wanda ya danne gadon marayu a Gidan Runji, yunwar Ramadan ba za ta biya musu wannan bashi ba. Ranar Alƙiyama da lada ake biya, in lada ta ƙare a ɗora wa mutum zunubin wanda ya zalunta.

Kowa ya tuna wanda yake binsa, ya je masa tun kafin a ga watan Salla. Allah Ya karɓi tubarmu, Ya raba mu da haƙƙin bayinSa. Amin.