Gajiyar da Barci Ba Ya Maganinta

A unguwar Barking ta Landan, inda jama'a ke sammakon kama jirgin ƙasa zuwa wurin aiki, kowa ya san gajiya. Amma akwai wadda ta wuce ta aiki. Mutum ya yi zazzaɓi ko mura mai zafi, ciwon ya lafa, ƙarfin jiki ya ƙi dawowa. Ya kwana yana barci ya tashi jiki a mace. In ya hau bene da kayan cefane yau, gobe ko jibi sai kwanciya, kai ya ɗaure, magana ta riƙa ɓace masa. Likitoci na kiran wannan larura ME/CFS.

An daɗe ana zargin ƙwayoyin cuta na bairos. A 1955 ma'aikata kusan 300 suka kwanta da irin wannan ciwo a asibitin Royal Free na Landan, har aka rufe shi na wani lokaci. A 1990 Dakta Melvin Ramsay da Dakta Betty Dowsett ta asibitin Basildon suka wallafa nazari kan majinyata 420, suna zargin bairos ɗin hanji da ke maƙalewa a jiki. Ana kuma zargin bairos ɗin Epstein-Barr, wanda in ya shiga jiki ba ya fita, sai dai ya lafa kamar garwashi cikin toka. Bayan korona ma, da yawa sun kasa murmurewa.

Har yanzu dai zargi ne mai ƙarfi, ba a tabbatar ba. A 2009 an ɗora laifin kan bairos ɗin XMRV, a 2011 aka janye binciken bayan an gano gurɓatar samfuri ce. Don haka a yi hattara da masu tallar maganin "wanke jini" a intanet.

Wanda ya kai mako shida da irin wannan gajiya, ko yaro mako huɗu, ya ga likitan unguwarsa. Za a auna jini a duba ƙarancin jini, ciwon suga da maƙoƙo. In an dawo daga ƙasar da ake fama da maleriya kwanan nan, a faɗa, a duba maleriya. Tun 2021 hukumar lafiya ta NICE ta daina ba da shawarar ƙara motsa jiki mataki-mataki, ta ce a yi aiki daidai ƙarfi, a huta kafin a galabaita.

'Yan'uwa kuma a daina cewa lalaci ne ko sammu. A raka mara lafiya asibiti, a ɗauke masa wanki da cefane.