Burtali, Rijiya da Rumfar Kasuwa: Ina Ake Yanke Shawara, Yaya Za Ka Sa Baki?

Wanda bai samu sauraron shirin wannan mako ba, ko iska ta ɗauke masa tasha yana cikin daji, ga abin da muka tattauna a rubuce. In ba ka karanta boko, ba wa yaro ya karanta maka da dare, ko a karanta a rumfar dillalai ran kasuwa kowa ya ji.

Maganar da ta kawo shirin ba baƙuwa ba ce a wurinka. Ka tafi da shanu da rani, ka dawo farkon damina, sai ka tarar burtalin da kakanka ya bi an shuke rabinsa. Ko kai ɗan kasuwa ka zo kara da safe, a ce maka kuɗin shiga ya ƙaru tun makon jiya. Ka tambaya wa ya yanke, a ce "hukuma". To, hukumar nan ba aljani ba ce. Tana da ofis, tana da ranar zama, tana da takardu, kuma doka ta bar maka ƙofar shiga.

Ƙaramar hukuma a tsallaken nan da tsallaken can

Mu fara da Najeriya. Akwai ƙananan hukumomi 774 a ƙasar, tsarin da ya samo asali daga gyaran da aka yi a 1976. Kowace tana da ciyaman, tana da kansiloli, kansila ɗaya daga kowace mazaɓa. Kansilolin su ne ke amincewa da kasafin kuɗi da ƙananan dokokin yankin, ciyaman da ma'aikatansa su zartar. Tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukanta, ciki har da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, ƙananan hanyoyi, da rajistar haihuwa da mutuwa, sannan ta sa hannu a harkar firamare da asibitin sha-ka-tafi da aikin gona. Yawancin kuɗinta daga asusun tarayya yake zuwa. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne ya kamata su riƙe su, ba kantomomi ba.

A Nijar kuwa, an yi zaɓen ƙananan hukumomi 265 a watan Yulin 2004. A wancan tsari jama'a ne suka riƙa zaɓen kansiloli, su kuma kansiloli su zaɓi magajin gari daga cikinsu. Dokar 2010 ta tsara cewa majalisa ta yi zaman yau da kullum sau huɗu a shekara, kuma zaman a buɗe yake, talaka na iya shiga ya saurara. An ba sarakunan gargajiya kujera a ciki, su ba da shawara amma ban da jefa ƙuri'a. A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rusa majalisun, ta naɗa wakilai su riƙe ƙananan hukumomin. Sai dai ka lura, ofisoshin ba su rufe ba. Mai karɓar kuɗin kasuwa yana nan, malamin dabbobi yana nan, kwamitin filaye yana nan, tsarin raya gari yana nan cikin durowa. Wanda ke sa hannu ne ya canza.

Yadda aiki ke tashi daga baki ya zama rijiya

Mutane da dama suna zaton in an ga ciyaman ko magajin gari wajen suna ko ɗaurin aure, aka ce masa "ranka ya daɗe, muna son rijiya", ya ce "in sha Allah", to magana ta ƙare. Ba ta ko fara ba. Abin da bai shiga takarda ba, ba a ware masa ko sisi.

A Nijar kowace ƙaramar hukuma tana da tsarin raya gari na shekaru biyar, wanda ma'aikata ke kira PDC. Kafin a rubuta shi, ana zagaya garuruwa ana tara jama'a, a tambaye su me ke damunsu, me suka fi so a fara da shi. Daga cikin wannan tsari ake tsamo aikin kowace shekara, a sa shi cikin kasafin kuɗi, sannan a kai wa perfe ya duba ko bai saɓa doka ba. Ƙungiyoyin agaji ma in sun zo da kuɗi, wannan littafi suke fara buɗewa. In rijiyar makiyaya ko shingen rigakafi ba su cikin littafin, da wuya su gan su.

A Najeriya hanyar ta fi bi ta wajen kansila da shugabannin sassa. Sashen gona, sashen ayyuka, sashen lafiya, kowa ya kawo buƙatunsa kafin ƙarshen shekara, a haɗa, kansiloli su duba, ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha ma ta duba. Takardar da ta zo daga ƙungiyar ci gaban gari, da hatimin dagaci ko hakimi a kai, ta fi murya goma nauyi.

Ga inda gizo ke saƙar. Taron jin ra'ayin jama'a a cikin gari ake yinsa, da hantsi, lokacin da kai kana bayan garke, ko kana hanyar Maigatari ko Mai'aduwa da kaya. Manomi yana gida, ya je ya yi magana. Kai ba ka nan. Ba lallai ba ne a ce an ƙi ka. Wanda ya halarta shi aka ji, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Malamin da ke rubuta tsarin bai san cewa tafkin nan da manoma ke son a zagaye da lambu shi ne mashaya ɗaya tilo tsakanin zango biyu ba, sai in wani ya tashi ya faɗa.

Maganar ƙasa: wa ke da ta cewa?

Kai makiyayi, nan ka kasa kunne. Nijar tana da kundin dokokin karkara tun 1993, shi ne ya kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo. Akwai na gari ko na rugga, mai gari ko shugaban ƙabila ke shugabanta. Akwai na ƙaramar hukuma, ƙarƙashin magajin gari. Akwai na gunduma, ƙarƙashin perfe. A kowane mataki akwai kujerar manoma, akwai ta makiyaya, akwai ta mata da ta matasa. Aikinsu su rubuta shaidar saye da sayarwa da aro da jinginar gona, su gano burtali da wuraren kiwo da mashaya, a dasa musu alama.

A 2010 aka ƙara dokar kiwo, wadda ta ce yawon neman abincin dabba haƙƙi ne na makiyayi, kuma burtali da filayen kiwo na jama'a ne, ba a mallaka wa mutum ɗaya. Ita ce kuma ta tsara maganar sakin gonaki bayan girbi: gwamna ke sa rana, bayan an ji ta bakin kwamitocin filaye da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya. Ka ga ke nan ranar ba daga sama take faɗowa ba. In wakilinku bai je zaman ba, ko ya je ya yi gum, ranar za ta zo yadda ta yi wa waɗanda suka yi magana daɗi. In kuwa an yi ɓarna, kafin a kai ga alƙali doka ta ce a fara zaman sulhu gaban sarakunan gargajiya, da wakilan ɓangarorin biyu.

A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo. Abin da ya wuce haka sai da amincewar gwamna. Gandun kiwo da aka keɓe ƙarƙashin dokar Jihar Arewa ta 1965 kuwa, yau a hannun gwamnatocin jihohi suke. Saboda haka in kun ga ana yanka gonaki cikin gandu ko burtali, kada ku tsaya kan mai unguwa kaɗai. Ku rubuta wa ciyaman, ku ba hakimi kwafi, ku ba ma'aikatar gona ko ta dabbobi ta jiha kwafi, ku ajiye ɗaya mai hatimin karɓa. Tun ana sharar fili ake magana. In aka bari gero ya kai gwiwa, magana ta zama rigima.

Ɗan kasuwa, san wanda kake ba kuɗinka

Alhaji, Hajiya, ku da ke tsallaka iyaka da wake, albasa, tumaki ko atamfa, ku bambance abu biyu. Kuɗin fito na kwastan ne, duwan a bakin mutanen Nijar, kuma na gwamnatin ƙasa ne. Ciyaman ko magajin gari ba shi da hannu a ciki. Amma kuɗin rumfa, kuɗin shiga kara, kuɗin mayanka da na tasha, yawancinsu na ƙaramar hukuma ne, kuma ba mai karɓa ne ke yanka farashin ba. Majalisa ce ke sa shi a rubuce. Kana da damar zuwa ofis ka ce a nuna maka takardar. A Najeriya ma dokar haraji ta 1998 ta hana kowa tare hanya don karɓar haraji.

Karɓi rasit ko da na ɗari biyar ne, ko na dala ashirin. Kuɗin da aka ba ka ragi aka hana ka takarda ba ya shiga asusu. Gobe in ƙungiyarku ta je neman a yi wa kara katanga, ko famfo, ko dakalin lodin shanu, za a buɗe littafi a ce kasuwar nan ba ta kawo komai. In kuwa kun tara rasit na wata shida kuka ajiye a gaban ma'aji, ai ba mai ce muku ku dawo gobe da sauƙi.

Shawara kyauta da ba a zuwa nema

Akwai ma'aikatan da albashinsu don su ba ka shawara ne. A Nijar akwai malamin dabbobi da malamin gona a matakin ƙaramar hukuma, akwai kuma gidan manoma da aka kafa a wurare da dama ƙarƙashin shirin 3N, inda ake ajiye iri da taki da abincin dabbobi. Kowace shekara ana zagayen rigakafin ciwon huhu na shanu da annobar awaki da tumaki. A Najeriya akwai sashen gona a sakatariya, akwai malaman gona na hukumomin jiha irin su KTARDA a Katsina da JARDA a Jigawa.

Tambayi malamin dabbobi yaushe ayarin rigakafi zai zo, a ina za a kafa shinge. In wurin ya yi wa rugagenku nisa, ku faɗa tun ana tsara zagayen. Ka riƙe katin rigakafin da kyau, don shi ne tushen takardar tsallaka iyaka da ƙungiyar ECOWAS, wato CEDEAO, ta tsara a 1998. Takardar tana nuna yawan dabbobi, alluran da aka yi musu, hanyar da za a bi da inda aka nufa. Tsarin ya ce a tsallaka da rana, makiyayi ɗaya ga kowane shanu 50, kuma ya kai shekara 18. Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, don haka kafin ka ɗaga, aika wani ofishin dabbobi mafi kusa da mashigar da za ka bi, ya jiyo takardar da suke nema a bana. Jihar Katsina da jihar Maraɗi ma sun ƙulla yarjejeniya kan tsallakar dabbobi a 2017, kuma shugabannin makiyaya na ɓangarorin biyu sun san juna.

To, me za a yi tun yau?

Na farko, ku san sunan kansilanku ko wakilin da ke riƙe da gari, da sunan wanda ke zaune a kujerar makiyaya a kwamitin filaye. In mutumin ya rasu, ko ya ƙaura, ko bai taɓa kiwo ba, ku nemi a sake shi. Na biyu, kafin garke ya tashi, ku bar mutum ɗaya a gida, dattijo ko matashi mai karatu, da waya mai caji, wanda aikinsa halartar taro ne. Ku haɗa masa kuɗin mota. Na uku, ku sa mata cikin tafiyar. Mai tallan nono da man shanu ta fi kowa sanin halin kasuwa da na rijiya. Na huɗu, kada ku je da buƙata goma. Ku zauna da ardo, ko da sarkin kasuwa, ku zaɓi biyu, ku rubuta, ku bi sawu. Ƙungiyoyi irin su AREN a Nijar da Miyetti Allah a Najeriya suna da mutanen da suka saba da rubuta irin wannan takarda.

Wani zai ce, "Malam, ni baƙo ne, wata uku kawai nake yi a ƙasarsu, wa zai saurare ni?" Gaskiya ne ba ka da ƙuri'a a can. Amma kana da mai masauki, kana da ardon wurin, kana biyan kuɗin kara kamar kowa. Ranar da ka sauka, kai gaisuwa wajen mai gari, ka tambayi ina aka hana, ina aka bari, yaushe ake sakin gonaki. Wanda aka san fuskarsa tun lafiya lau, ko ɓarna ta faru da shi za a zauna, ba da sanda za a fara ba.

Ba mu ce duk wanda ya je taro zai dawo da rijiya ba. Kuɗin ƙananan hukumomi kaɗan ne, masu nema da yawa, son kai ma bai ƙare ba. Amma takarda mai hatimi tana nan ko shugaba ya canza, kuma wanda ya zo bayansa sai ya amsa ta.

Wanda ke da labarin burtalin da aka ceto, ko kasuwar da aka gyara ta wannan hanya, ya aiko mana ta hannun wakilinmu ran kasuwa, mu karanta wa 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare dukiya, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.