Kiwon hawainiya a gida: Wacce za a saya, kuma daga hannun wa?

A da idan hawainiya ta ɓullo a tsakar gida, yara kan watse, manya su nemi sanda. Bahaushe ya san ta da sanɗa da rikiɗa, har yakan gargaɗi abokin faɗa da cewa hawainiyarsa ta kiyayi ramarsa. Yanzu zamani ya juya. Yaran Legas da Abuja suna ganin ta a YouTube da TikTok tana harba harshe tana cafke ƙwaro, sai su tasa iyaye a gaba a sayo musu. Kafin maigida ya sa hannu a aljihu, ya kamata ya san cewa hawainiya iri-iri ce, sun haura 200, kuma mafi arha a cikinsu ita ta fi saurin mutuwa a hannun mutum.

Tun da shafin lafiya ne wannan, a fara da lafiyar mutanen gida. Hawainiya, kamar ƙadangare da kunkuru da maciji, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinta ba tare da ita ta nuna alamar ciwo ba. Ƙwayar na fita a kashinta, ta manne a jikinta da kejinta, daga nan ta hau hannun yaro ta shiga bakinsa. Abin da ke biyo baya shi ne gudawa da zazzaɓi da ciwon ciki, kuma ga jariri abin na iya kai wa ga kwanciya a asibiti. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar kada yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya taɓa irin waɗannan dabbobi, kuma gargaɗin ya haɗa da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki. Saboda haka gidan da ke da goyo ko mai rarrafe, a haƙura tukuna. Inda yaran suka tasa kuwa, a wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa ta, kuma kada a wanke kayan kejinta inda ake wanke kwanukan abinci.

Hawainiyar da ake kawo wa mutane a bakin titi cikin kwali ko a kan reshe, galibi tamu ce ta Afirka ta Yamma, irin wadda masana ke kira ta Senegal da 'yan uwanta. Daga daji aka kamo ta. Kafin ta iso hannunka ta yi kwanaki ba ruwa, cikinta da tsutsa, ga firgici, don hawainiya dabba ce da tsoro kaɗai ke iya karya ta. Takan ƙi cin abinci, idanunta su faɗa, ta yi duhu, bayan 'yan makonni a wayi gari ta faɗo daga reshe. Yaro ya yi kuka, kuɗi sun tafi, mai sayarwa kuma ya koma daji ya kamo wata. Duk wanda ya saya don tausayi, shi ya biya kuɗin kamun ta gaba.

Akwai kuma doka. Hawainiya na cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta ɗaure cinikinsu tsakanin ƙasashe da takardar izini, kuma Nijeriya na cikin yarjejeniyar, tana da dokarta ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985. Wanda ya ce daga waje ya shigo da tasa, a nemi ganin takarda.

A cikin waɗanda ake ƙyanƙyashewa a hannun masu kiwo, uku ne suka fi yawo a kasuwar duniya. Ta farko ita ce ta Yaman, wadda 'yan kasuwa ke kira veiled. Asalinta Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya, tana da wani tudu a ka kamar hula. Namiji na iya kai santimita 60 har da wutsiya, ya yi shekara 6 zuwa 8 idan ya samu kulawa. Ta fi sauran juriya da zafi da kuskuren sabon shiga, kuma a ganina ita kaɗai ta dace da mai farawa a ƙasar nan. Aibinta faɗa: takan buɗe baki ta yi huci idan an matsa mata.

Ta biyu ita ce panther ta Madagaska, mai launin da ke ruɗin ido, ja da shuɗi da kore, har ana sa mata sunan yankin da ta fito, kamar Ambilobe ko Nosy Be. Tana son danshi, don haka iskar Legas ko Fatakwal ta fi mata ta Arewa lokacin hunturu, sai dai tsadarta ta ninka ta Yaman. Ta uku, Jackson mai ƙaho uku, daga tsaunukan Kenya da Tanzaniya take, tana haihuwa ne maimakon yin ƙwai, kuma sanyi take so, musamman da dare. Zafin Abuja a watan Maris zai gama da ita. A bar ta.

To yaya za a gane wadda aka ƙyanƙyashe a gida? Mai kiwo na gaskiya ya san watan da ta fito daga ƙwai, domin ƙwan hawainiyar Yaman kan yi wata 6 ko fiye kafin ya fashe, kuma wanda ya yi wannan jira ba ya mantawa. Zai nuna maka iyayenta ko hotonsu, kuma yawanci za ka ga 'yan uwanta masu girma ɗaya, tunda uwa na zuba ƙwai gommai a lokaci guda. A nemi 'yar wata 3 zuwa 4. Babba guda ɗaya tilo, mai tabo a jiki ko guntulen farce, wadda mai ita bai san shekarunta ba, ta daji ce ko me ya rantse. A dubi ido ya zama a cike yana juyawa, ƙafafu a miƙe ba lanƙwasa, riƙonta da ƙarfi. A ce ya ba ta ƙwaro a gabanka ka ga ta ci. Wanda ya ce a turo kuɗi zai aiko ta a motar haya, a rabu da shi.

Sayen shi ne mai sauƙi. Hawainiya ba ta zama biyu a keji ɗaya, kuma ba ta son a riƙa ɗaukar ta, abin kallo ce. Babban namiji na buƙatar keji na raga mai tsayin santimita 120 da faɗin 60, da rassa da ganye. Ba ta shan ruwa a kwano, sai ɗigon da ke kan ganye, don haka a fesa mata ruwa safe da yamma. Abincinta ƙwari masu rai, gyare da fara, a barbaɗa musu garin kalsiyam. Ba tare da hasken UVB ba ƙashinta kan yi laushi ya lanƙwashe. A nan muna da sa'a, hantsin safe ya fi kowane ƙwan lantarki, ga shi ba ruwansa da ɗauke wuta, amma ta raga zai shiga, domin gilashin taga na tare wannan haske, kuma a bar mata inuwar da za ta fake. Abin da ya fi haɗari a gidajenmu shi ne maganin sauro, na feshi da na kunnawa, da kuma ƙwarin da aka kamo inda aka yi feshi. A kuma nemi likitan dabbobin da ya san irin waɗannan halittu tun kafin a saya, domin ba kowane ne ya saba da su ba.

Idan an tsayar da shawara a kan ta Yaman, a zaɓi namiji. Mace na yin ƙwai ko ba ta haɗu da namiji ba, kuma idan ba a tanadar mata tukunyar ƙasa mai laima da za ta tona ba, ƙwan na iya maƙale mata ya kashe ta. Gane namijin ba wuya: tun ranar ƙyanƙyasa yana da ɗan tsiro a dunduniyar ƙafarsa ta baya, mace ba ta da shi.