Ƙaramar Tiyatar Gyaran Ciki: Ba Kowane Tumbi Take Gyarawa Ba

Tallace-tallacen da ke yawo a Instagram da TikTok sun iya jan hankali. Hoton mace ne da ciki a sake, gefensa kuma ita ɗin ce dai, mara ta shafe sumul kamar ba ta taɓa haihuwa ba. A ƙasa an rubuta cewa aikin ɗan ƙarami ne, tabon ma ba ya fitowa. Abin da tallan ba ya faɗa shi ne mata kaɗan ne wannan tiyata ta dace da jikinsu.

A babbar tiyatar gyaran ciki, likita yana yanka daga ƙugu zuwa ƙugu, ya ɗaga fata har kusan haƙarƙari, ya ɗinke tsokokin da suka buɗe, ya janyo fatar ƙasa ya yanke rarar, sannan ya huda wa cibiya sabuwar kafa. Ƙaramar kuwa yanka gajere ne a ƙasan mara, daidai inda ake yi wa mace aiki a ciro jariri. Galibi ba a taɓa cibiya, kuma aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Iyakarta ke nan: ƙasan cibiya kawai take gyarawa.

Mace za ta iya yin ɗan gwaji a ɗakinta. Ta kwanta rigingine, ta lanƙwasa gwiwa, ta ɗaga kai kaɗan, ta danna yatsu a saman cibiya. Idan yatsu biyu ko uku suka nutse cikin wani kwari tsakanin tsokoki, to goyon ciki ya raba tsokar, kuma rabuwar ta wuce inda ƙaramin yanka zai kai. Wannan ya zama ruwan dare ga mai haihuwa biyar ko shida da mai tagwaye. Irin wannan mace in aka yi mata ƙaramar tiyata, mara za ta kwanta, sama kuma ya turo, ta wayi gari da cikin da ya fi na da ban mamaki. Wadda aikin ke yi wa amfani ita ce mai matsakaicin jiki, wadda saman cikinta yake a ɗaure, sai 'yar fatar da ke reto a kan tsohon ɗinkin aikin haihuwa.

Mai tumbin nan mai tauri kuwa, na maza ko na mata, ya ajiye kuɗinsa. Kitsen yana can ciki kewaye da hanji, wuƙar likitan kwalliya ba ta isa wurin. Haka wadda take sa ran sake haihuwa: sabon ciki zai warware aikin.

Gajeren yanka bai cire haɗari ba. Matsalar da ta fi yawa ita ce taruwar ruwa a ƙarƙashin fata, wanda wani lokaci sai an riƙa zuƙe shi da sirinji. Wadda ta fi muni kuma ita ce daskarewar jini a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, kuma doguwar tafiya a jirgi jim kaɗan bayan aiki tana ƙara wannan haɗari. Masu zuwa Turkiyya ko Masar a yi musu aikin su juyo cikin mako guda su lura da wannan. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tasowa ya yi kauri, don haka wadda hujin kunnenta ya taɓa yin ƙulutu ta gaya wa likita tun farko. Sigari da shisha suna hana ciwo warkewa, shi ya sa ake cewa a daina su aƙalla mako 4 kafin aiki. Mai ciwon suga, hawan jini ko sikila tana buƙatar bincike na musamman.

Kuɗi da muƙami ba su zama garkuwa ba. A watan Oktoban 2005 Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a Sifaniya bayan aikin zuƙe kitse a wani asibitin kuɗi na yankin Marbella, saura 'yan makonni ta cika shekara 60. A 2009 kotu ta yanke wa likitan hukuncin ɗaurin shekara ɗaya saboda sakaci. A Amurka, Donda West, mahaifiyar mawaƙi Kanye West, ta rasu a Nuwamban 2007, kwana ɗaya bayan an haɗa mata ayyuka da dama, ciki har da gyaran ciki. Mutuwarta ce ta sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 2009 wadda ta tilasta a duba lafiyar mutum kafin tiyatar kwalliya. Haɗa aiki biyu ko uku a zama ɗaya, wanda asibitoci ke tallatawa da sunan rangwame, yana tsawaita lokacin da mutum zai yi a sume, haɗarin kuma ya hau.

A Najeriya, hukumar MDCN ce ke rajistar likitoci, ƙwararrun wannan fanni kuma suna da ƙungiyarsu, NAPRAS. Takardar zama likita kaɗai ba ta wadatar ba, sai an ga shaidar ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki. Ya kamata a tambayi wanda zai ba da maganin sa barci, da inda za a kai mutum idan abu ya rikice da tsakar dare. Likitan da ya yanke hukunci daga hoton WhatsApp, bai taɓa cikin da hannunsa ba, a guje shi.

Sai jinya. Kwanakin farko mace a duƙe take tafiya, salla ma a zaune. Za ta ɗaura rigar matse ciki kusan mako 6, kuma a tsawon wannan lokaci babu goyo, babu daka, babu ɗaukar jarkar ruwa. Kumburin kan ɗauki watanni kafin ya saɓe, tabon kuma yakan kai shekara kafin ya dusashe.