Cin Bak Da Ƙyar Ba Ya Rufe Ƙofar Manyan Makarantun Kamaru

A duk shekara da zarar sakamakon jarrabawar bakaloriya ya fito, hira a rumfunan Kasuwar Kwango da ke New Bell a birnin Duwala takan koma kan maki. Wanda ɗansa ya ci da yabo sai a yi masa barka, wanda kuwa nasa ya tsallake da ƙyar yakan ce ai karatu ya ƙare, gara yaro ya zo ya kama awon yadi a shago. To, a nan ne iyaye da dama ke yin gaggawa.

A tsarin karatun Faransanci na Kamaru ana auna ɗalibi ne bisa maki 20. Wanda ya samu daga 10 zuwa ƙasa da 12 ya ci, amma a mataki na ƙasa, sai na 12, da na 14, da na 16 zuwa sama waɗanda su ne zakaru. Abin da ya kamata a sani shi ne, manyan makarantun da ake rububin shiga, kamar Politeknik ta Yawunde da aka kafa a 1971, da ESSEC da ENSET da IUT na Jami'ar Duwala, suna ɗaukar ɗalibai ne ta jarrabawar gasa wadda ake kira konkur. Haka ma karatun likita, wanda tun 2013 ake shigarsa ta jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya. Ke nan mai maki 11 da mai 15 aji ɗaya za su zauna, takarda ɗaya za a ba su.

Sai dai wannan ba ya nufin maki ba shi da tasiri. Akan nemi takardun makin Probatuwar da na Bak cikin fayil, kuma wasu makarantun suna lissafa su, don haka idan biyu suka yi kunnen doki a rubutu, tsohon maki na iya raba gardama. Haka nan wajen neman tallafin karatu a ƙasashen waje, mai yabo ake fara dubawa.

Amma abubuwan da suka fi kayar da 'ya'yanmu daban ne. Na farko, sashen da yaro ya bi a sakandare: wanda ya yi adabi ba zai nemi injiniya ko likita ba, komai makinsa. Na biyu, iyakar shekaru, domin yaron da aka ajiye a shago shekara uku yana iya dawowa ya tarar ƙofa ta rufe. Na uku, takardar haihuwa: sunan da ya saɓa da na difloma ko da harafi ɗaya yakan jawo a mayar da fayil. Bugu da ƙari, a gasar shiga aikin gwamnati irin ta ENAM ana raba kujeru tsakanin jihohi bisa asalin iyaye, saboda haka wanda aka haifa a New Bell amma mahaifinsa ɗan Garuwa ne, ya tantance takardunsa tun da wuri.

Wanda bai dace a karon farko ba, yana iya yin rajista a tsangayar jami'ar gwamnati, inda kuɗin shekara yake sefa 50,000, ya ci gaba da shiri ya sake gwadawa. Masu hangen Kano ko Zariya kuma su sani can akan nemi kiredit 5 har da Turanci da lissafi, sannan jarrabawar JAMB.

Shawara ga iyaye ita ce, kuɗin da wani dillali zai nema da sunan sayen kujera, gara a kashe shi wajen darasin shiri da tsofaffin takardun gasa. A kuma sauwaƙe wa yaro aikin shago a watannin da ke tsakanin fitowar sakamako da ranar konkur. Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a, amin.