Wasan Kwaikwayo A Ƙauye: Daɗinsa Da Wahalarsa

A shekarar 1975 ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin jagorancin Michael Etherton. Ba a daɗe ba malamai da ɗalibai suka ga ya kamata su fitar da shi daga harabar jami'a su kai wa talakawa. A 1977 suka nufi ƙasar Soba da "Wasan Manoma", wanda ya duba halin da manomi yake ciki a zamanin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo. A 1979 kuma suka yi irinsa a Maska.

Shi irin wannan wasa ba a zuwa da shi a rubuce. Sai an fara neman iznin hakimi ko dagaci, sa'an nan 'yan wasa su bazu gida gida suna sauraron koken jama'a, kamar na taki ko ruwan sha ko asibiti. Daga abin da suka jiyo ne za su ƙulla labari, su yi ta gwaji, kana su nuna shi a dandali.

Daɗin abin shi ne ranar wasa, watau sa'ad da manomi ya ga damuwarsa a fili, har ya buɗe baki ya gyara wa 'yan wasa inda suka kauce.

Wahalar kuwa ba kaɗan ba ce. Da damina ba mai barin gonarsa ya zo gwaji. Ɗalibin da ba ya jin Hausa sosai ba ya iya tatso zance daga bakin dattijo. Matan kulle ba sa fitowa dandali, saboda haka muryar rabin gari takan ɓace. Bugu da ƙari, idan wasa ya taɓa wani mai iko, baƙi za su hau mota su tafi, ɗan gari ne zai kwana da abin da ya biyo baya.

Wannan ya sa masu shirin suka karkata daga yi wa mutanen ƙauye wasa zuwa yin sa tare da su. Amma babbar tambaya tana nan: in an watse, wa zai haƙa rijiyar? Tafi dai ba ya kawo taki. Ma'aikacin da koken ya shafi ofishinsa, shi ya fi kowa cancantar zama a sahun gaba.